Tseren keke: a hukunta mai karkacewa tun kafin jini ya zuba

Ranar 4 ga watan Yuli na shekarar 2024, a garin Dijon na ƙasar Faransa, aka kammala zango na 6 na babbar gasar tseren kekuna ta Tour de France. Dylan Groenewegen ɗan ƙasar Holand ne ya riga kowa tsallake layi, Jasper Philipsen ɗan Beljiyam na manne da shi, sai Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya zo na uku. Ba a jima ba sai sakamako ya canza. Alƙalan tsere suka duba hotunan bidiyo, suka ga cewa Philipsen ya bar hanyar da ya ɗauko, ya matse Wout van Aert har jikin shingen ƙarfe, sai da wannan bawan Allah ya ja birki don ya tsira da ƙasusuwansa. Nan take suka cire Philipsen daga matsayi na biyu suka maida shi ƙarshen ayarin da ya iso tare da shi, bayan mutum sama da ɗari. Girmay kuwa ya koma na biyu.

Wannan hukunci shi ne ake kira déclassement da Faransanci, mu kuma sai mu ce maidawa baya. A kansa nake son mu yi magana yau, domin tun lokacin da baƙar fata ɗan Afirka ya fara cin zango a wannan gasa, masu sauraron labarinta a rumfunanmu sun ƙaru, kuma na lura da yawa daga cikinmu ba su fahimci yadda za a ce mutum ya zo na biyu ido na ganin ido, sannan takarda ta fito da sunansa can ƙasa ba. Ra'ayina shi ne, hukuncin yana da kyau, tsere ba zai yiwu ba in babu shi. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake zartar da shi: yau a yi, gobe a kau da kai, kuma sau da yawa sai an ga wani kwance a kan kwalta kafin alƙalai su tuna da doka.

Bari mu fara da yadda abin yake. A zangon da babu tsaunuka, matuƙa keke fiye da 170 kan yini suna tafiya a dunƙule kamar ayarin fatake, saboda wanda ke bayan wani iska ba ta dukansa sosai, yana adana kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Saboda haka kowane gwanin gudun ƙarshe yakan laɓe a bayan abokan ƙungiyarsa har sai ya rage kamar mita 200, sannan ya fito ya zuba duk abin da ya rage masa. A wannan ɗan lokaci gudun kan kai kilomita 70 a awa, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga shingen ƙarfe dama da hagu, ba kuma abin da ke kare jikin mutum sai hular kwano da ƴar riga mai kama da fatar albasa. Hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, take kuma da mazauni a garin Aigle na ƙasar Suwizaland, ta kafa doka a kan wannan lokaci. Dokar ta hana mai tsere ya bar hanyar da ya zaɓa sa'ad da ya fara gudun ƙarshe, ta yadda zai tare wani ko ya jefa shi cikin haɗari. Wanda ya karya ta, a maida shi matsayin ƙarshe a cikin ayarin da suka iso tare, a ci shi tara, a kuma rage masa maki. In laifin ya yi muni, a kore shi daga gasar baki ɗaya.

Mai karatu zai iya tambaya, to me aka rage shi da shi? A nan sai an bambanta lokaci da matsayi. A gasa mai zanguna, duk waɗanda suka iso a ayari guda lokaci ɗaya ake rubuta masu, na farko da na ɗari duk daidai suke a agogo. Saboda haka maidawa baya ba ta taɓa lokacin mutum, ba ta kuma shafi neman rawayar riga ta jagoran gasa ba. Abin da take ɗaukewa shi ne matsayi, gwanin gudun ƙarshe kuwa matsayi ne jarinsa. A Tour de France cin zango guda na kawo Yuro 11,000, wato sama da sefa miliyan 7, ban da sunan da mutum ke yi, wanda da shi ne yake cinikin albashinsa na baɗi. Sannan ga maki: a 2024, a zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya na farko yakan samu 50, na biyu 30, na uku 20, kuma wanda ya fi kowa tara maki shi ke tafiya gida da tsanwar riga. Tarar kuɗin kanta a manyan gasa faran 500 ne na Suwizaland, sama da jikka 300 kenan a kuɗinmu, abin da bai taka kara ya karya ba ga mutumin da ke ɗaukar albashin miliyoyi. Asarar matsayin ce ke zafi.

Ku dubi lissafin 2024. Girmay ya ci zanguna uku a wannan shekara, na farkonsu a birnin Turin na Italiya ranar 1 ga Yuli, inda ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a tarihin gasar. Ya kammala da maki 387, Philipsen na biye da 354, tazarar 33 kenan. A Dijon, Philipsen ya rasa maki 30 na matsayi na biyu, Girmay kuma ya ƙaru da 10 saboda ya tashi daga na uku zuwa na biyu. Jimla 40, tun ba a sa makin da ake ragewa na tara ba. Wannan bai rage wa Girmay komai daga bajintarsa ba, ƙafafunsa ne suka ci masa zanguna uku. Sai dai yana nuna cewa hukuncin da aka yanke cikin ƴan mintoci a farkon gasa yakan iya raba gardamar mako uku. Haka ta faru a 2009, lokacin da aka maida Mark Cavendish baya a garin Besançon saboda ya matse Thor Hushovd: Cavendish ya ci zanguna shida a wannan shekara, amma Hushovd ne ya tafi da tsanwar riga da ratar maki 10 kacal. Haka kuma a 2020 a Poitiers, Peter Sagan, wanda ya riga ya ci wannan riga sau bakwai, ya bangaji Van Aert da kafaɗa, aka maida shi baya, daga nan bai sake kamo Sam Bennett ba.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan wannan hukunci a fili yake. Yana ƙwace ribar maguɗi daga hannun wanda ya yi shi, a ranar da ya yi shi. Da tara kaɗai ake ci, da kowace ƙungiya mai kuɗi ta ware kasonta na tara tun farkon shekara, kamar yadda wasu direbobi ke sa kuɗin hanya cikin lissafin tafiya, su ci gaba da abin da suka saba. Da kuma kora kaɗai ce, da alƙalai sun riƙa jin nauyin yanke ta, domin ba ƙaramin abu ba ne a sallami mutum daga gasar da ya shekara yana shiri saboda kuskuren daƙiƙa biyu. Maidawa baya ta tsaya a tsakani. Tana ce wa mai tsere: abin da ka karkace domin ka samu, shi ɗin ne ba za ka samu ba.

To amma fa akwai gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu na farko, nauyin hukuncin ya dogara ne ga yawan mutanen da ke cikin ayari, alhali laifin iri ɗaya ne. A watan Oktoba na 2020, a tseren yini guda na Liège–Bastogne–Liège a Beljiyam, mutum biyar ne suka iso tare. Julian Alaphilippe, sanye da rigar zakaran duniya da ya ci mako guda kafin nan, ya karkace ya tare Marc Hirschi har ƙafar wannan ta fita daga feda, sannan ya ɗaga hannu yana murna tun bai kai layi ba, Primož Roglič ya zo ya wuce shi. Aka maida Alaphilippe ƙarshen ayarinsa, wato daga na biyu ya koma na biyar, ya tafi da ladan na biyar a ɗaya daga cikin tsere mafi daraja a duniya. Philipsen kuwa, da laifi irin wannan, ya tashi a tutar babu. Mu da muke aunawa kullum mun san cewa mudun da ke girma yana raguwa gwargwadon yawan mutanen da ke tsaye a rumfa, rigima zai haddasa ko ba daɗe ko ba jima.

Abu na biyu, hukuncin ba ya maida wa wanda aka cuta haƙƙinsa. A gasar Giro ta Italiya a 2019, a garin Orbetello, Elia Viviani ya tsallake layi na farko bayan ya tare wani matashi mai suna Matteo Moschetti. Aka ƙwace nasarar aka ba Fernando Gaviria, wanda ba shi aka tare ba, har shi kansa ya hau dandali fuska ba walwala. Moschetti kuwa, wanda aka kashe wa gudu, matsayi ɗaya tak ya ƙaru da shi, kamar kowa. Wannan gyara ba ya hannun alƙali, domin ba a sake tsere, ba kuma wanda zai iya rantsewa cewa da ba a tare shi ba da ya ci. Amma darasin da ke ciki babba ne. Tun da ba a iya biyan wanda aka cuta bayan an gama, dole ne ƙarfin doka ya tafi wajen hana cutar tun ba ta auku ba. Abin da ke hana mutum karkacewa kuwa shi ne ya tabbata a ransa cewa in ya yi, hukunci na nan tafe, ko wane ne shi.

Nan ne muka zo kan babbar matsalar. Wannan tabbaci babu shi. Ranar 7 ga Yuli 2023, a birnin Bordeaux, Philipsen ɗin nan dai ya ratso hanya don ya kama bayan Cavendish, ya rufe wa Girmay ƙofa a gefen shinge. Girmay ya sassauta, ya zo na uku. Ƙungiyarsa da ta Cavendish suka kai ƙara, alƙalai suka duba suka ce babu laifi, Philipsen ya riƙe nasararsa. Shekara guda bayan haka, a Dijon, motsi mai kama da wannan ya jawo masa maidawa baya. Mai tsere da ya ga waɗannan hukunce-hukunce biyu, me zai koya? Zai koyi cewa karkacewa caca ce, wata rana a ci, wata rana a faɗi. Mutumin da sana'arsa ita ce kutsa kai cikin ƴar kafar da ba ta kai faɗin kafaɗunsa ba a gudun kilomita 70, ai ba caca ce za ta ba shi tsoro ba.

Sannan akwai ɗabi'ar auna laifi da girman raunin da ya biyo baya. A 2017, a garin Vittel, Cavendish ya nemi wucewa tsakanin Sagan da shinge, ya faɗi ya karya allon kafaɗa. Da farko alƙalai suka maida Sagan baya suka ƙara masa daƙiƙa 30. Da aka yi ta nuna hoton faɗuwar, hayaniya ta yi yawa, sai suka sake zama suka kore shi daga gasar ɗungurungum. Ƙungiyarsa ta kai maganar kotun wasanni da ke Lausanne, kuma a watan Disamba na wannan shekara, kafin a zauna shari'a, UCI ta amince cewa abin da ya faru tsautsayi ne na tsere, ba da gangan ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, Sagan ya rasa gasar wannan shekara. Amfanin da aka samu daga wannan rikici shi ne, daga 2018 aka sa alƙali na musamman da ke zaune gaban na'urorin bidiyo a manyan gasa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru ranar 5 ga Agusta 2020 a birnin Katowice na ƙasar Polan. Ƙarshen zangon gangare ne, gudu ya kai wajen kilomita 80 a awa. Groenewegen, wanda muka ambata a farko, ya riƙa matse ɗan ƙasarsu Fabio Jakobsen zuwa dama har ya afka cikin shinge. Shingen ya tarwatse, wani ma'aikacin tsere ya ji rauni, Jakobsen ya farfashe fuska ya zubar da haƙora, sai da likitoci suka sa shi cikin dogon barci don su ceci ransa. Aka kori Groenewegen, aka dakatar da shi wata tara, aka kuma rubuta wa Jakobsen nasarar zangon yana kwance a asibiti. Ba na cewa hukuncin ya yi yawa. Tambayata ita ce, sau nawa aka yi irin wannan matsi kafin wannan rana, wanda aka matse ya ja birki, aka tashi lafiya, alƙalai suka yi shiru? Wanda ya ja birki ya ceci kansa, ya kuma ceci wanda ya cuce shi daga hukunci. Wanda ya ƙi ja ya tafi asibiti, sai a lokacin doka ta farka. Wannan tsari yana koya wa matasa cewa hanyar samun adalci ita ce ka yarda a karya ka.

Har ila yau, idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ya tsara ƙarshen tsere a kan gangare? Wa ya kafa shingen da bai iya tsayuwa ba? Akan sa layin ƙarshe bayan kwana, ko a inda hanya ke tsukewa, sannan a ce wa mai tsere ya miƙe sak. A Bayonne a 2023 an yi gardama a kan ko Philipsen ne ya matse Van Aert ko kuwa shingen ne ya lanƙwaso, alƙalai suka bar masa nasararsa. Muddin hanya ba miƙaƙƙiya ba ce, alƙali na da wurin fakewa, mai laifi ma haka. Masu shirya gasa su ma ya kamata a riƙa tuhumarsu a bainar jama'a kamar yadda ake yi wa matuƙa.

Na san abin da masu kare tsohon yayi za su ce. Za su ce gudun ƙarshe dama can fagen maza ne, an ga Tom Steels ya jefi abokin tsere da gorar ruwa a 1997, an ga Mark Renshaw yana tunkuyi da kai a 2010, duka biyun an kore su, duniya ba ta tashi ba. Za su ce in aka matsa da doka, armashin abin zai tafi, kuma ba wanda ke iya tafiya sak kamar zare alhali yana jijjiga keke da dukkan ƙarfinsa. Akwai gaskiya a maganarsu ta ƙarshe, shi ya sa dokar ba ta hana motsi ba, tare wani da jefa shi cikin haɗari ta hana. Amma batun armashi ban yarda da shi ba. Abin da ke sa mutane tsayuwa cikin rana tun safe shi ne su ga wanda ya fi gudu. In wanda ya fi gudu yana bayan wani da ya rufe masa hanya, ƴan kallo ma an cuce su.

Hukumar UCI ta ɗan motsa. Bayan gwaji a ƙarshen 2024, daga ranar 1 ga Janairu 2025 ta fara aiki da katin gargaɗi mai launin rawaya, irin na ƙwallon ƙafa, sai dai ba a ɗaga shi a fili, a takardar bayan tsere ake rubuta shi. Kati biyu a gasa guda na jawo kora da dakatarwar kwana 7, uku cikin kwana 30 na jawo kwana 14, shida cikin shekara na jawo kwana 30. Wannan ya toshe wata kafa, domin a da wanda aka maida baya yau yakan wayi gari gobe kamar bai taɓa yin komai ba, yanzu kuwa laifi na bin mai shi. Sai dai kati ma hannun alƙali ne ke rubuta shi. In idon da ke gani bai daidaita ba, an ƙara wa rashin daidaito nauyi ne kawai.

Abin da nake ganin ya dace ba shi da wuya. A duba kowane gudun ƙarshe da hoton sama, ko an kai ƙara ko ba a kai ba. Wanda ya bar hanyarsa ya sa wani ya ja birki ko ya daina taka feda, a maida shi baya, ko an faɗi ko ba a faɗi ba, ko zakaran duniya ne ko yaron da ya fara bana. A ƙaramin ayari a haɗa masa da wani abin da zai ji a jikinsa, don kada na biyu ya koma na biyar ya tafi yana dariya. Sannan alƙalai su riƙa fitar da dalilinsu a rubuce tare da hoton da suka dogara da shi, domin hukuncin gobe ya yi kama da na jiya, kowa kuma ya san inda iyaka take.

Maganar ba ta Turai kaɗai ba ce. Tour du Faso da ake yi a Burkina tun 1987, da gasannin Kamaru, duk da dokokin UCI ake gudanar da su, kuma a watan Satumba na 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar zakarun duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Yaran da suka ga Girmay sanye da tsanwar riga za su bi sawunsa, kuma za su shiga wannan fage ba su da suna, ba su da babbar ƙungiya mai lauyoyi da za ta tsaya masu. Babba na iya jure hukuncin da ke canzawa da iska, domin sau da yawa shi iskar ke bi. Ƙarami ba shi da abin dogaro sai doka da ke aiki iri ɗaya kullum.

Jakobsen ya warke, ya dawo tsere a 2021, kuma a 2022 ya ci zango na 2 na Tour de France a ƙasar Denmak, washegari Groenewegen ya ci na 3. An ji daɗin wannan labari, amma sa'a ce aka yi, ba kowa ke tashi daga irin wannan faɗuwa ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a tseren keke rigakafin yana hannun alƙalin da zai maida mai karkacewa baya a ranar da kowa ya tashi lafiya.